Pandu Ussi da Besin Ɗalibai

Pandu Ussi bai zo birnin Zanzibar don kiɗa ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya baro Makunduchi a bayan motar kwakwa, da riga biyu da wasiƙar kawunsa zuwa ga wani akawu a tashar jiragen ruwa. Wasiƙar ta yi amfani, aka ba shi dako a siton kanumfari. Tun safe har la'asar yana sauke buhu yana ɗora buhu, ƙamshin ya kama jikinsa, har ta kai ko ya yi wanka sau biyu, in ya shiga sahu a masallaci sai na gefensa ya waiwayo. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, kuma abokan aikinsa sun shaide shi da cewa in ya ɗauki abu ba ya yar da shi.

A hanyarsa ta komawa ɗakin da yake haya a Ng'ambo akwai shagon wani tela, a saman shagon kuma ƙungiyar Kandili take gwajin kiɗan tarab bayan la'asar. Pandu yakan tsaya ƙarƙashin tagarsu ya huta, ya ji ƙananan goge suna kuka tare, udu, wato molon Larabawa, yana amsa musu, mata suna karɓar amshi. Bai taɓa tunanin hawa ba. Wata Asabar a shekarar 1971, shugaban ƙungiyar, Malam Faki, wanda da safe malamin firamare ne da yamma kuma mai goge, ya leƙo ta taga ya gan shi.

"Kai dogo! Kullum kana nan kamar an dasa ka. Kana da aikin yi yanzu?"

"Na tashi, Malam."

"To ka koma. Zo mu je ka ɗauko mana kaya."

Kayan yana kwalejin horar da malamai. Besi ne, wato ƙaton gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a ƙasa a tsaya a bayansa, tsayinsa ya ɗara na Malam Faki har da hularsa. Uku ne suka zo cikin akwatunan katako tare da wasu malamai Jamusawa, zamanin da mutanensu ke gina dogayen benayen Michenzani. Na ɗalibai ne, an yi su da filawud, katakon nan da ake liƙawa falle a kan falle, aka shafe su da jan fenti mai ƙyalli. Da Bajamushen da ke koyar da su ya koma gida, sai aka jingine su a ɗakin ajiya tare da karyayyun kujeru. Gara ta cinye ɗaya. Na biyu wani babba ya aiko aka ɗauka, ba wanda ya tambayi inda aka kai shi. Na ukun kuwa Malam Faki ya yi wata shida yana sintiri a kansa, har shugaban kwalejin ya gaji ya ce ya ɗauka aro.

Pandu ya saɓa shi a baya, ya ji ashe bai kai rabin buhu nauyi ba. Wahalarsa ita ce ba shi da wurin kamawa, kuma duk ƙofar da aka zo sai an tsaya an yi shawara. Da suka hau da shi saman shagon tela, makaɗan suka kewaye shi suna taɓawa. Mai udu ya ja tsirkiya ɗaya, tagar ɗakin ta yi rawa, mata suka kwashe da dariya. Aka rasa mai riƙewa. Masu goge suka ce su ba za su bar zama su koma tsayuwa ba, mai ganga ya ce hannunsa biyu ne kawai.

Malam Faki ya dubi Pandu, wanda ke bakin ƙofa yana share gumi. "Tunda kai ka ɗauko, kai za ka riƙe."

"Malam, ni fa ban san komai ba."

"Shi ma bai san komai ba, ɗalibi ne irinka. Ku koya tare."

Ya ciro alli daga aljihu, ya ja layi huɗu a wuyan besin, ya nuna masa inda zai danna da hagu da yadda zai ja tsirkiya da yatsu biyu na dama. Sati uku yatsun Pandu suna ƙuraje suna fashewa, da safe kuma ya koma ɗaukar buhu da su. Bayan wata biyu allin ya goge, ba a sake zana shi ba, don hannun ya riga ya san hanya. Aikinsa a bayan kowa yake, kusa da bango, yana ajiye wa waƙa ƙafa a inda za ta taka. In yana nan ba mai lura da shi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi aka yi biki ba tare da shi ba, uwar amarya ta ce kiɗan ya yi mata kamar miyar da aka manta da gishiri.

Ya auri Mwanakheri, 'yar mai sayar da gahawa a bakin tashar, suka samu ɗaki a bene na huɗu a Michenzani. A shekarar ne rufin saman shagon tela ya fara yoyo, aka ce besi ya kwana biyu a gidan Pandu kafin a gyara. Ba a gyara ba. Mwanakheri ta share masa kusurwa tsakanin kabad da taga, ta raɗa masa suna Ƙaton Baƙo.

"Baƙon naka dai ba ya ci, ba ya sha, ba ya kuma sallama," in ji ta. "Allah ya sa ba gadonmu zai ci ba."

Amma ita ta fi kowa mora tasa. A kansa take rataye zanen da ta goge don kada ya yamutse. Da 'yarsu Riziki ta fara miƙewa, ƙugun besin ta kama ta tsaya. Ita ce kuma ta zuba masa 'ya'yan tsamiya ta ramin gabansa, guda nawa Allah kaɗai ya sani. Pandu ya kifa shi ya girgiza, wasu suka fito, wasu suka maƙale, suka zauna suna ɗan karkarwa duk lokacin da aka ja tsirkiyar ƙasa. Tun abin yana damunsa har ya zama in bai ji karkarwar ba sai ya ɗauka saitin ne ya kwance.

Damina kan zo da ruwan da ba ya ɗaukewa har sati biyu, bango ya yi gumi, takalmi ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. A irin wannan lokaci kayan kiɗan ƙungiyar duk sukan kwanta ciwo. Udun da aka yo oda daga Masar, mai tsada, ya tsage daga ciki har baya. Gogen Malam Faki ya saki gam sau uku. Besin ɗalibai kuwa ko a jikinsa, sai dai Pandu ya goge shi da tsumma da ɗan man kwakwa ya ƙara ɗaure kunnuwansa. Ya sha rana a bayan a-kori-kura zuwa bukukuwan ƙauye, ya sha feshin teku a kwale-kwale zuwa Tumbatu, an zubar masa da shayi, wata akuya ta taɓa tauna igiyar rigarsa. Sau ɗaya kawai ya ji ciwo na gaske, ranar da amalanken da aka ɗora shi a kai ya faɗa rami a Darajani, wuyan ya ɓalle daga jiki. Pandu ya tsuguna a tsakiyar kasuwa da wuyan a hannu, mutane suna yi masa sannu kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Babu mai gyaran irin wannan a tsibirin duka. Ya kai wa Jecha, wani tsoho mai sassaƙa jiragen ruwa a bakin gaɓa. Jecha ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ciki.

"Wannan ai jirgi ne da bai ƙaru ba. Bar shi nan."

Ya huda wuyan, ya zura masa doguwar ƙusar tagulla irin ta jirgi, ya ɗaure ta da noti, ya cike gefen da gam da garin katako. Kan ƙusar ya fito fili kamar ƙurji. Malam Faki da ya gani ya riƙe baki, ya ce da gogensa aka yi wa haka da sai ya kai ƙara. Amma aka kafa jakin da tsirkiya ke hawa a kai, aka ɗaura tsirkiya, muryar ta fito yadda take, wataƙila ma ta ɗan ƙara kauri.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, buhu da safe, besi da yamma. Sai kiɗa ya canza. Samari suka shigo da fiyano mai lantarki, mutum ɗaya da yatsun hagunsa yana yin aikin Pandu, da na dama yana yin na masu goge shida, ga lasifika kamar za ta rushe gida. Masu biki suka ga mutum biyar sun fi mutum talatin sauƙin ciyarwa. Gayyata ta ragu. Tsofaffin Kandili suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu lahira, wasu wajen 'ya'yansu a Darussalam. Siton kanumfari ya sallami Pandu da takardar yabo da ciwon kafaɗa. Abin da ya rage wa ƙungiyar shi ne wani otal a bakin teku, inda duk Alhamis kafin faɗuwar rana suke yi wa baƙi kiɗa, su tara, sanye da fararen riguna, baƙin suna cin abinci suna hira ba sa ko juyowa.

A otal ɗin ne Pandu ya ga besi na biyu, wanda aka ɗauke daga kwaleji shekara talatin da suka wuce. Yana tsaye kusa da wurin sayar da abin sha. An yanke gabansa an cire, an jera kantoci a cikinsa, kwalabe suna zaune a kai, an sa masa fitila daga ciki. Jan fentin iri ɗaya ne da na nasa. Pandu ya daɗe yana kallo. Ya kai hannu ya shafa wuyan, ya ji shi sumul, ko alamar yatsa babu. Ba a taɓa kaɗa shi ba.

Manajan otal ɗin, wani matashi mai fara'a, ya matso. "Baba, ka ga ɗan'uwan naka? Kullum ina tunanin in samu na biyu in sa a ɗaya gefen, su yi daidai. In ka shirya rabuwa da naka, ka yi mini magana. Ba za ka yi kuka da ni ba."

"Nawa yana aiki, ɗana."

"Wannan ma ai aiki yake yi. Ba wanda ke shigowa bai ɗauki hoto da shi ba."

Pandu ya koma wajen nasa besin. Da ya gaya wa Mwanakheri, ta ce, "Ni da ka bayar, da na samu wurin ajiye firji." Can kuma tana kwashe kwanuka ta ce, "Amma kwalaben giya a cikin Ƙaton Baƙo? Bayan Riziki ta koyi tsayuwa a jikinsa? A'a, a bar shi ya ci gaba da tare mini hanya."

Wata shekara aka yi babban taron makaɗa a tsohon gari, aka gayyato mutane daga ƙasashe. Cikinsu akwai wani Bature mai besi, wanda ya zo da nasa a cikin farin akwati mai taya, besin da aka ce an sassaƙa shi da hannu tun kafin a haifi kakan Pandu. Kwana huɗu ya yi yana shan iskar teku, a na biyar gam ya saki, gabansa ya rabu da gefe har mutum zai iya zura yatsa. Aka bazama neman wani, aka ce duk garin besi ɗaya ne ke da rai, yana bene na huɗu a Michenzani. Baturen ya hau da kansa tare da tafinta, yana haki, fuskarsa ta yi ja. Ya dubi ƙusar Jecha, ya haska cikin besin da fitilar wayarsa, ya karanta 'yar takardar da ke manne a ciki, sai ya yi murmushi ya faɗi wani abu.

"Ya ce a kan irin wannan ya koya yana ɗan shekara sha biyu," in ji tafinta. "Wai a makarantunsu suna nan jibge a ɗakunan ajiya."

"Tambaye shi, yana da daraja?"

Tafinta ya tambaya, Baturen ya amsa, ya juyo wa Pandu da maganar. "Ya ce in sayarwa za a yi, ba wani abin kirki. Amma wai nasa yana kwance, naka yana tsaye."

Sai ya gyara tsayuwa, ya rungumi besin, ya fara. Hannunsa na hagu ya wuce inda layukan allin Malam Faki suka tsaya, ya gangara can ƙasa kusa da ciki, wurin da Pandu bai taɓa dannawa ba sai dai in zai goge ƙura. Besin ya yi wata murya siririya mai daɗi kamar ta mace, ya koma ƙasa ya yi gurnani, 'ya'yan tsamiya suna karkarwa. Mwanakheri ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Maƙwabta suka taru a ƙofa.

Pandu ya zauna a bakin gado yana saurare. Ya ɗauka zai ji alfahari, sai ya ji gajiya ta sauko masa. Shekara talatin da takwas yana tare da abin nan, ya hau da shi bene ya sauka da shi ba adadi, ashe taƙi ɗaya kawai ya sani a jikinsa. Ba wanda ya ɓoye masa sauran. Babu dai wanda ya sani balle ya nuna masa, shi kuma da ya dawo daga sito ba shi da sauran ƙarfin bincike.

Bayan taron Baturen ya dawo da besin tare da kyautar sababbin tsirkiyoyi huɗu a cikin takarda. Pandu ya yi godiya, ya sa su a kabad ƙarƙashin rigunan Sallah. Sau biyu ya gwada gangarawa da hannunsa inda ya ga Baturen ya kai, kafaɗar ta ƙi, sautin ya fito kamar kukan ƙofa. Ya bari.

Kafaɗar ce ta yanke hukunci daga baya. Wata Alhamis yana saukowa da besin, a bene na biyu hannun ya mutu masa ɗungurungum, da ƙyar ya tokare kayan da gwiwa har wani maƙwabci ya zo. Likita ya duba hoton ƙashin ya ce, "Baba, wannan kafaɗar ta yi aikin mutum uku. Kada ka ƙara ɗaga abin da ya fi butar alwala." Sati shida Kandili tana zuwa otal babu besi. Manaja ya fara cewa kiɗan ya yi sanyi.

A cikin mata masu amshi akwai Tatu Mcha, mai wankin kaya a wani asibiti, wadda ta shekara talatin a sahun gaba. An yi mata aiki a maƙogwaro, muryar ta dawo a dushe, ba ta iya ɗaga ta. Ta ci gaba da zuwa gwaji tana zama a gefe tana tafi, kowa yana jin nauyin ce mata ta daina. Wata safiya ta hau bene na huɗu, ta gaida Mwanakheri, ta sha ruwa, ta dubi kusurwar da besin yake.

"Yaya Pandu, koya mini za ka yi."

Ya ɗauka wasa take. "Ke Tatu, shekarunki nawa?"

"Hamsin da biyu. Shi nasa nawa?"

"Ya fi ki tsawo da kamu guda."

"Mijina ma ya fi ni tsawo, na kuma iya da shi har Allah ya karɓi abinsa. Yaya, ni ba gwaninta nake nema ba. In na zauna a gida ranar Alhamis bango zai cinye ni. Kai ba hannu, ni ba murya. Ka ba ni abin da ya rage."

Mwanakheri ta ce daga kicin, "Baban Riziki, ba ta mana. Da ma an ce na ɗalibai ne, ga ɗaliba ta zo har gida."

Ya tashi da ƙyar, ya sassauta ƙafar ƙarfen da besin ke tsayawa a kai, ya mayar da ita ciki gaba ɗaya don tsayin ya ragu. Duk da haka sai da aka kawo mata 'yar kujerar tsuguno ta taka. Babu alli a gidan, ya yanko farar filasta daga cikin kayan maganinsa ya manna a wurare huɗu. Ya ciro sababbin tsirkiyoyin nan daga kabad ya ɗaura, don tsofaffin sun yi tsatsa, za su yanka ta. Pandu ba malamin kirki ba ne. Ba ya iya bayani, sai dai ya kama yatsanta ya ajiye inda ya dace, in ta kuskure ya yi tsaki ya dubi taga. Ita kuma ba ta barin bashin magana.

"Tsakin nan da kake yi, a sama zan danna shi ko a ƙasa?"

"Kina gudu ne. Waƙa ba ta isa wurin ba kin riga ta."

"Shekara talatin ina gaba, yanzu ka ce in koma baya in jira. Ai sai a hankali."

Amma tana da abin da shi bai zo da shi ba. Duk waƙoƙin Kandili suna cikin kanta, ta san inda mawaƙi zai ja numfashi tun kafin ya ja. Hannunta kuma hannun wanki ne, fatar ta riga ta yi kanta. Cikin wata uku ta fara tsayawa a bayan ƙungiya. Ranar farko mai ganga ya ce, "Yau kuma besi ne ya zo da mace, ko mace ce ta zo da besi? Ni gyale kawai nake hangowa." Tatu ta ce, "Kai dai riƙe gangarka, tun jiya take tsere maka." Malam Faki, wanda a lokacin ido ya fara gagararsa, ya saurara har aka kai ƙarshen waƙa, sannan ya ce, "A sake daga farko," wanda a bakinsa yabo ne.

Besin ya koma gidan Tatu a Kwahani, ɗakin ƙasa, babu bene. Mwanakheri ta sa firjinta a kusurwar. Pandu ya rage fita. Yakan sauka bayan azahar ya zauna a dakalin masu gahawa, ya saurari gardamar ƙwallo da ba ta dame shi ba, ya hau kafin magariba. Malam Faki ya rasu a shekarar da ta biyo. Kandili ta koma mutum shida, huɗu mata, kuma yanzu bukukuwan mata suka fi kiran su, inda ba a son maza da yawa a tsakar gida.

Wata Talata da hantsi Tatu ta aiko a ce masa besi ya mutu. Ya shiga daladala, motar hayar garin, ya je. Ya tarar da shi kwance a kan tabarma, ita tana tsaye a kansa ta ɗora hannu a ka.

"Jiya na sassauta tsirkiyoyin duka don in wanke shi, sai na ji wani abu ya faɗi a ciki. Da na mayar, murya ta tafi. Kamar ni."

Pandu ya girgiza shi, ya ji abu yana gangarawa. Akwai wani ɗan ginshiƙin katako a ciki, mai kaurin babban yatsa, wanda ke tsaye tsakanin gaba da baya ba gam ba ƙusa, matsin tsirkiya kaɗai ke riƙe da shi. Shi ne ya faɗi.

"Wa ya ce ki kwance su duka lokaci ɗaya?"

"Wa ya ce kada in kwance? Kai da ba ka magana."

Ya nemi wayar rataye kaya, ya miƙar da ita, ya wasa bakinta a dutse. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, Tatu tana haska masa da fitilar wayar hannunta ta ramin gaba. Sai ya soki ginshiƙin, ya ɗaga shi, ya kusa tsayar da shi, ya suɓuce. Ya sake. Aka kira azahar suna nan, ya dakata ya yi salla a zaune, ya koma. Gumi ya jiƙa masa riga, kafaɗar tana zafi kamar an ɗora mata garwashi. Wajen karo na goma sha wani abu ginshiƙin ya tsaya. Bai yarda ya numfasa ba sai da Tatu ta ɗaure tsirkiya biyu ta tsakiya. Ta tayar da besin, ta taka kujerarta, ta ja ta ƙasa. Kwanukan da ke kan kanta suka amsa.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Zauna ka ci rogo, na dafa da kwakwa."

Ya ci kaɗan, ya sha shayi. Tashi daga tabarmar sai da ta miƙa masa hannu.

"Tatu, in ya sake faɗuwa ki nemi wani. Ni na gama."

"Wane wanin? Duk tsibirin nan wa ya san akwai itace a cikinsa in ba kai ba?"

Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa.

"To, ki aiko. Amma ba da rana tsaka ba."

Ya fita ya bi inuwar gidaje a hankali. A bakin titi wata mata tana soya ƙananan kifi, ya sayi ƙulli ɗaya saboda Mwanakheri, ya zauna a kan bencin tasha yana jiran motar da ke da wurin zama.